Lissafin da mutum ke buƙata kafin ya shiga mastas ko PhD a ilimin kwantirol

Duk wanda ya karanta injiniyarin na lantarki ko na kanikanci ko na kemikal, kusan tabbas ya ɗauki kwas ɗaya na kwantirol, wato ilimin sa inji ya bi abin da ake so da kansa, a digirin farko, kuma da yawa daga nan suke kamuwa da son fannin. Kwas ne mai daɗi gaskiya, ka ɗauko difaranshiyal ikweshan ka buga masa Laplace ya koma aljabara, ka zana akwatuna da kibiyoyi, ka zana jadawalin Bode, ka ta murɗa lambobin guda ukun nan na kwantirolar da ake kira PID har inji ya tsaya daidai inda kake so. Sai mutum ya ce toh ni nan zan zauna, ya nemi mastas. Makon farko malami ya shigo ya rubuta x' = Ax + Bu a allo, ya bi shi da ma'ana, ya bi shi da tiyoram, ya ce bari mu kafa hujja, shikenan daga ranar har ƙarshen zango haka za a ta tafiya. Anan ne zaka ga ɗalibai masu ƙoƙari sosai sun ruɗe, har wasu su fara zargin kansu ne baya ja, alhali matsalar kawai ita ce ba a faɗa musu irin lissafin da ya kamata su shigo da shi ba.

In ka tambaya za a lissafo maka kwasa-kwasai kusan goma, kuma duk wanda aka lissafo yana da amfani, amma ni ban yarda a jera su kamar nauyinsu ɗaya ba. Biyu ne suke ɗauke da ginin: liniya aljabara, da riyal analisis wato lissafin da ake koyon kafa hujja a kan limit da makamantansa. Sauran duk zaka iya tsintarsu a hanya gwargwadon reshen da ka zaɓa. Waɗannan biyun kuwa in babu su, kowane kwas sai ya zame maka hadda.

Dalilin da yasa abin ya zama haka yana cikin tarihin fannin. Tun 1868 Maxwell ya rubuta takarda a kan na'urar daidaita gudun injin tururi, irin wadda James Watt ya saka a injinansa, ya nuna cewa tambayar ko injin zai natsu ko zai ta hawa da sauka tambaya ce a kan tushen wani folinomiyal. Routh a 1877 da Hurwitz a 1895 suka bada hanyar duba hakan ba tare da an warware folinomiyal ɗin ba. Daga baya injiniyoyin tarho na Bell Labs a Amurka, su Black da Nyquist da Bode, suka gina hanyar duba sistam ta fuskar firikwensi, wadda ita ce yawancin abin da ake koyarwa a digirin farko. Hanya ce mai ƙarfi in kana da mashiga ɗaya da mafita ɗaya. Amma roket ko jirgin sama ko matatar mai abubuwa da yawa ake turawa, abubuwa da yawa ake aunawa, kuma duk suna shafar juna. Wajen 1960, shekarar da aka yi babban taron farko na IFAC, ƙungiyar masana kwantirol ta duniya, a Mosko, Rudolf Kalman ya maida maganar kan matiriks da bekta, mutanen yamma kuma suka waiwayi aikin da Lyapunov ya yi a Rasha tun 1892. Tun daga lokacin karatun gaba da digiri a kwantirol da wannan harshen ake yinsa.

Toh liniya aljabara. Kusan kowa zai ce ai na yi, na iya ninka matiriks, na iya ditaminant, na iya ciro aigenbalu na 3 sau 3 da hannu. Wannan duk kwamfuta ta fi ka iyawa. Abin da ake so shi ne in ka kalli matiriks ka ganshi a matsayin aiki, yana ɗaukar bekta daga wani fili ya kai shi wani fili, ka san waɗanne wurare yake iya kaiwa, waɗanne bektoci yake murƙushewa su koma sifili, kuma ka san cewa in ka canza ma'aunin da kake kallon filin da shi lambobin cikin matiriks ɗin zasu canza amma aikin yana nan yadda yake.

Bari mu ga abin a kusa. Ka ɗauki tankunan ruwa biyu iri ɗaya sak, kowanne yana yoyo daidai da ɗan uwansa, bututu ɗaya ne yake ba su ruwa yana rabawa biyu daidai. Ikweshan ɗinsu x1' = -x1 + u da x2' = -x2 + u, inda u shi ne ruwan da kake saki. Yanzu ka ɗebe ɗaya daga ɗaya ka kalli bambancin tsayin ruwansu, zaka ga u ya ɓace gaba ɗaya, bambancin yana raguwa ne da kansa, kai baka da hannu a ciki. Duk dabararka, in sun fara a daidai, bazaka taɓa sa wannan ya kai mita 2 wancan mita 1 ba. Wannan shi ne rashin sarrafuwa, kuma Kalman ya bada gwajinsa: ka jera B, AB, A²B har zuwa A mai ƙarfin n-1 sau B, inda A da B su ne matiriks ɗin x' = Ax + Bu, n kuma yawan lambobin cikin x, ka duba ko sun cika filin. A nan B shi ne (1, 1), AB kuma (-1, -1), layi ɗaya suke kai, rank 1, magana ta ƙare. Tambayar da malami zai jefo maka ita ce me yasa ake tsayawa a n-1, me yasa ba a ci gaba ba? Amsar tiyoram ɗin Cayley da Hamilton ce, wadda ta ce kowane matiriks yana cika folinomiyal ɗinsa na kansa, don haka daga Aⁿ zuwa sama babu sabon abu, duk haɗe-haɗen na baya ne. Mutane da yawa sun haddace wannan tiyoram a aji biyu suna ganin kwalliya ce, ashe nan ne wurin aikinta.

Kuma misalin bai ƙare ba. A ce yoyon tanki na biyu ya ɗan bambanta, maimakon -1 ya zama -1.001. Yanzu rank ya koma 2, a takarda sistam ɗin yana sarrafuwa. Amma wane irin ruwa zaka rinƙa turawa da janyewa kafin ka raba tsayinsu da mita ɗaya cikin ɗan lokaci? Mai yawan da babu famfon da zai iya. Kaga kenan tambayar eh ko a'a bata wadatar ba, sai ka san nawa ne nisanka da rashin sarrafuwa, kuma wannan shi ke kai ka ga giramiyan da singula balu da SVD, wato hanyar rarraba matiriks don a ga ƙarfinsa ta kowace fuska. Ni a ganina duk wanda SVD bai zauna masa a kai ba ya dakata ya zaunar da shi kafin komai, don da shi ake rage girman model, da shi ake auna ƙarfin sistam mai mashiga da yawa, da shi ake gane ko lissafin da kwamfuta ta baka abin yarda ne.

Wani abu kuma da digirin farko ke ɓoyewa: an koya mana in duk aigenbalu suna ɓangaren hagu, wato ɓangarensu na riyal yana ƙasa da sifili, toh sistam zai koma sifili, kuma gaskiya ne, amma ba a faɗi abin da zai faru a hanya ba. Ɗauki matiriks mai layin farko -1 da 100, layi na biyu 0 da -2. Aigenbalu ɗinsa -1 da -2, lafiya lau. Ka fara da x1 = 0, x2 = 1. In ka warware zaka samu x1 = 100(e^-t − e^-2t), wanda yake hawa har 25 kafin ya fara saukowa. Ka fara da girman 1, ka bi ta 25, sannan ka dawo. In jirgi ne ko na'urar wuta, kafin a dawo ɗin wani abu ya riga ya ƙone, ko kuma an fita daga yankin da model ɗin ke aiki. Wanda ya san nom na matiriks da eksfonenshiyal na matiriks da siffar Jordan bazai yi mamakin wannan ba. Sai kuma matiriks masu simetiri da waɗanda ake kira fozitif definit, waɗanda xᵀPx ɗinsu kullum sama da sifili yake in dai x ba sifili bane. Waɗannan ka riƙe su da kyau, don P ɗin nan zai biyo ka ko'ina, a Lyapunov yana nan, a Riccati yana nan, a tace Kalman ma, wato hanyar ƙiyasta halin sistam daga awo mai kuskure, shi ne.

Yanzu analisis, wanda shi injiniyoyi suka fi gudu, kuma na fahimci dalili, don kwas ne da zaka shafe mako guda kana tabbatar da abin da ido ya riga ya gani. Amma ka duba yadda ake bayyana natsuwa a ilimin kwantirol: ga kowane ε sama da sifili, akwai δ sama da sifili, ta yadda in ka fara a cikin tazarar δ daga wurin tsayawa toh bazaka taɓa wuce tazarar ε ba. Jimla ɗaya ce, amma wanda bai saba da ga kowane da akwai ba, bai san cewa juya jerinsu yana canza maganar gaba ɗaya ba, wallahi zai karanta ta sau ashirin bai ga abin da ta ce ba. Kuma akwai bambancin da sai da wannan jimlar ake ganinsa. Ka yi tunanin ɗigo yana yawo a kan da'ira da ikweshan θ' = 1 − cos θ. Duk inda ka ajiye shi ƙarshenta zai zo ya tsaya a θ = 0. Sai ka ce ai wannan wurin mai natsuwa ne tunda kowa can yake komawa. A'a. In ka ɗan tura shi gaba kaɗan, komai ƙanƙantar turin, sai ya zagaye da'irar gaba ɗaya kafin ya dawo ta baya. Yana jawo komai amma bashi da natsuwa, kuma injiniya dole ya damu da wannan bambancin.

Haka maganar samuwar amsa. A digirin farko an saba duk ikweshan da aka baka yana da amsa guda ɗaya kuma tana tafiya har abada. Gwada x' = x² ka fara daga 1, amsar ita ce 1/(1 − t), kafin t ya kai 1 ta tafi sama babu iyaka, bayan nan babu sauran amsa. Gwada x' = 2√x ka fara daga sifili, x = 0 amsa ce, x = t² ma amsa ce, wacce sistam ɗin zai bi? Sharaɗin Lipschitz shi ke hana irin wannan na biyun, kuma hujjarsa ta ratsa ta tiyoram ɗin taswira mai matsewa na Banach, wanda zaka sake haɗuwa da shi a dainamik furogiramin. Duk wanda zai yi kwantirol na sistam marasa miƙewa, kamar robot ko jirgi mara matuƙi, shi da kansa yake ƙirƙirar ikweshan ɗin ta hanyar fidbak ɗin da ya zaɓa, wato yadda yake maida abin da aka auna ya zama abin da ake turawa, don haka nauyin tabbatar da cewa amsar tana nan a wuyansa yake.

Misalin da na fi so a nan shi ne fendulum mai ɗan gogayya. Dabarar Lyapunov ita ce kada ka wahalar da kanka wajen warware ikweshan, ka nemo wani abu kamar makamashi ka nuna kullum raguwa yake. Ka ɗauki makamashin fendulum ɗin, na motsi da na tsayi, ka ɗau deribatif ɗinsa sai ka samu −bω², inda ω shi ne saurin juyawa. Baya ƙaruwa, madalla. Amma duk lokacin da fendulum ya kai ƙarshen lilonsa ω sifili ne, a wannan ɗan lokacin makamashin baya raguwa, don haka tiyoram ɗin Lyapunov kai tsaye bai baka damar cewa zai tsaya a ƙasa ba, duk da kowa ya san zai tsaya. Abin da ya cike giɓin shi ne ƙa'idar LaSalle ta 1960, wadda Krasovskii ma ya zo da irinta a Rasha, ta ce ka duba ko sistam zai iya zama dindindin a wurin da raguwar ta tsaya, fendulum kuwa bazai iya zama a karkace ba, nauyi zai janyo shi. Hujjar wannan ƙa'idar gaba ɗayanta a kan rufaffen saiti mai iyaka take, da jerin lambobi masu taruwa wuri ɗaya, wato dai abubuwan da ake yi a watannin farko na riyal analisis. Baka buƙatar zama masanin lissafi, zango ɗaya mai kyau ya isa, amma ka yi shi da biro a hannu kana rubuta hujjojin da kanka.

Difaranshiyal ikweshan ban ware masa wuri ba saboda ya riga ya shiga cikin biyun nan. Dabarun warwarewa da hannu da aka koya a aji biyu kaɗan ne zasu yi maka aiki, abin da ake so shi ne iya kallon hoton tafiyar sistam a fili, wuraren tsayawa, da maida mara miƙewa ya zama miƙaƙƙe a kusa da wuri ɗaya tare da sanin inda wannan dabarar take daina aiki.

Kwamfleks analisis yana da muhimmanci amma ba duka ake buƙata ba. Gwajin Nyquist na 1932, wanda ake ƙirga sau nawa zane ya zagaye −1, ƙa'idar Cauchy ce ta kusurwa aka sa mata kayan aiki, in ka san ta bazaka sake ruɗewa da ƙirgar ba. Inda ya fi burge ni shi ne wurin da yake faɗa maka abin da bazai yiwu ba ko da wane irin kwantirola. Intagiral ɗin Bode yana cewa in ka danne tasirin hargitsi a wasu firikwensi, dole ya kumbura a wasu, kuma in sistam ɗin dama can mara natsuwa ne toh bashin ya fi yawa. Gunter Stein ya yi shahararriyar lakca a kan wannan a 1989 yana jan kunnen injiniyoyi su girmama sistam mara natsuwa. Zaka iya gwadawa da hannunka: tsayar da sanda mai tsawon mita 1 a tafin hannu abu ne mai sauƙi, tsayar da fensir kuwa kusan bazai yiwu ba. Saurin faɗuwar yana tafiya ne da √(g/l), na mita 1 wajen 3 ne a daƙiƙa, na santimita 10 wajen 10, idonka da hannunka kuma suna da jinkirin da bazasu iya bin na biyun ba. Lissafi ne yake gaya maka tun kafin ka sayi ko waya ɗaya cewa da wannan jinkirin aikin bazai yiwu ba.

Lissafin yiwuwa kuma ya danganta da inda ka dosa, amma mafi ƙaranci kowa yana buƙatar abin da zai fahimci tace Kalman da shi. Zuciyar abin ƙarama ce. A ce model ɗinka ya yi hasashen wuri 10 da bariyans 4, wato ma'aunin rashin tabbas, na'urar awo kuma ta ce 12 da bariyans 1. Wa zaka yarda da shi? Kowanne gwargwadon amincinsa: nauyin awon shi ne 4/(4+1) wato 0.8, sabon ƙiyasi 11.6, bariyans ɗinsa 0.8, ƙasa da na kowanne a cikinsu. Ka maida lambobin nan matiriks, ka rinƙa maimaitawa duk lokacin da sabon awo ya shigo, ka samu abin da Kalman ya wallafa a 1960, wanda Stanley Schmidt da abokan aikinsa a NASA suka gyara aka yi amfani da shi wajen lissafin hanyar kumbon Apollo. Don haka ka san rarrabuwar Gauss mai fuska da yawa, matiriks na kobariyans, da tsammani bisa sharaɗi. In ka gane cewa tsammani bisa sharaɗi a nan jefa inuwar bekta ne a kan ƙaramin fili, kaga mun sake komawa liniya aljabara. Shi kuwa meja tiyori da kalkulas ɗin Itô, wanda zai yi bincike a sitokastik kwantirol babu makawa sai ya yi su, amma wanda zai yi robot ko injinan wuta kada ya bari su tsare shi a bakin ƙofa.

Oftimaizeshan shi ne wanda nauyinsa ya fi ƙaruwa a shekarun nan, in da zan ƙara na uku a kan biyun farko shi zan ɗauka. Asalinsa a fannin ya koma shekarun 1950, Pontryagin da ɗalibansa a Mosko da ƙa'idarsu ta maksimam, Bellman a Amurka da dainamik furogiramin, wanda shi ne kuma ƙashin bayan abin da masu AI ke kira koyo ta hanyar lada a yau. Daga nan LQR ya fito, inda kake cewa ga farashin kaucewa ga farashin ƙarfin da zan kashe, ikweshan ɗin Riccati ya baka fidbak mafi arha. Abin mamaki ikweshan ɗin da ke bada LQR shi ne ke bada tace Kalman in ka juya matiriks ɗin, sarrafuwa da iya gane halin sistam daga awo fuska biyu ne na abu ɗaya. LQR yana zuwa da garantin juriya mai kyau, aƙalla digiri 60 na tazarar fes, sai mutane suka ɗauka in an haɗa shi da tace Kalman garantin zai biyo. A 1978 John Doyle ya fitar da gajeriyar takarda da ƙaramin misali ya nuna babu wani garanti ko kaɗan. Wannan na cikin abin da ya tura fannin zuwa kwantirol mai jure kuskuren model, da aikin Zames na 1981 a kan H∞. A yau abin da zaka fi buƙata shi ne sanin matsala kwanbeks, wato mai siffar kwano wadda in ka gangara ƙasanta ka san babu wani ƙasan da ya fi shi, da ninkin Lagrange, da sharuɗɗan KKT, da duwaliti. Tambayoyi da yawa na natsuwa ana maida su rashin daidaiton matiriks da ake kira LMI kwamfuta ta warware, MPC kuma, wato kwantirol mai hasashen gaba da model, wanda ya taso a matatun mai a ƙarshen shekarun 1970, warware matsalar oftimaizeshan yake yi a kowane taku.

Fankshanal analisis da jiyometirin difaranshiyal, waɗannan ka bari sai reshenka ya kira su. Na farko zai zo in ka shiga H∞ da gaske ko sistam masu jinkiri ko masu yaɗuwa kamar zafi a jikin ƙarfe. Na biyu na masu sistam marasa miƙewa ne, shi ke bayanin yadda mota bata iya tafiya a gefe amma da gaba da baya da murɗa sitiyari sai ga ta ta shige tsakanin motoci biyu, kuma Brockett ya nuna a 1983 cewa irin wannan sistam ɗin babu fidbak mai santsi mara canzawa da lokaci da zai tsayar da shi a wuri ɗaya. Suna da daɗi sosai, amma mai shirin shiga mastas bai kamata ya hana kansa barci a kansu ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne lissafin kwamfuta kansa. MATLAB ko Python dole ne, amma ka san cewa hanyar da ta yi kyau a allo ba lallai ta yi kyau a inji ba. Wilkinson ya nuna da folinomiyal mai tushe 1 zuwa 20 cewa in ka taɓa lamba ɗaya a cikinsa da abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, wasu tushen sai su yi tsalle su koma kwamfleks. Shi yasa babu mai ciro aigenbalu ta hanyar folinomiyal a aikin gaske, kuma jera B, AB, A²B ɗin nan ma in sistam ya yi girma ba a dogara da rank ɗinsa.

Wanda kuma ya fito daga sashen lissafi zalla, duk abin da na faɗa a sama zai zo masa da sauƙi, nashi giɓin a wani wurin yake. Zai iya kafa hujjar tiyoram amma bai taɓa ganin inji ya kai iyakar ƙarfinsa ba, intagireta, wato ɓangaren kwantirola mai tara kuskure, ta ci gaba da tarawa, sannan sistam ya wuce wurin da aka nufa da nisa. Irin wannan ya nemi ɗakin gwaji ko ƙaramar mota mai na'urar awo ya sa hannu, ya koyi karanta jadawalin Bode kamar yadda injiniyoyi ke yi, don tambayoyin bincike masu kyau daga can suke fitowa.

In kana da wata shida kafin ka fara, ni shawarata ka ba liniya aljabara rabin farko, irin wanda ake yi da hujja, ka ba analisis rabi na biyu, yiwuwa da oftimaizeshan ka rinƙa taɓa su a gefe. In kuma kana so ka auna kanka yau, ga aiki ɗaya da ya haɗa su. An baka A wanda duk aigenbalu ɗinsa ke hagu, da Q fozitif definit. Ka nuna cewa P, wato intagiral na e^(Aᵀt) Q e^(At) daga sifili zuwa mara iyaka, yana warware AᵀP + PA = −Q. Da farko sai ka tabbatar intagiral ɗin ma yana da ƙima, wanda ke buƙatar ka daure nom na e^(At) da wani abu mai raguwa, kuma ka tuna misalin 25 ɗin can, akwai lambar da dole ta tsaya a gaba. Sannan ka lura abin da ke cikin intagiral ɗin in ka ɗau deribatif ɗinsa Aᵀ ne ke fitowa ta hagu A ta dama, ka haɗa daga farko zuwa ƙarshe ka samu sifili a cire Q. Sannan ka nuna P fozitif definit ne, nan zaka buƙaci cewa e^(At) baya murƙushe kowane bekta. Na ƙarshe, wanda ya fi sauran ɗan wuya, ka nuna babu wani P na biyu da zai warware wannan ikweshan ɗin.